Riga ɗaya ce gare ni, sai aka yi yaya?

1/ Jiya na ɗora hoto, sai ga saƙon wata 'yar uwata: "Wai ke duk faɗin Japan ɗin nan riga ɗaya gare ki?" Na tura mata 😂 na wuce, amma wallahi da maganar na kwana. To ku matso, yau sai kun ji tarihin rigar nan. Zaren da tsawo fa, ku samu wuri. 🧵

2/ Bari mu fara da sunan. Lolita a nan salon ado ne da ya taso a Japan, ya yi ƙarfi a unguwar Harajuku ta Tokyo a shekarun 1990. Daga shigar matan Turai na da aka ɗauko shi, irin na zamanin Sarauniya Biktoriya da na fadar Faransa: siket mai buɗewa kamar laima, leshi, wuya a rufe. Ba ruwansa da littafin Nabokov na 1955. Don Allah kar a zo min da wannan, mun gaji da amsawa.

3/ Ni fim ne ya ja ni, Kamikaze Girls na 2004. Momoko tana zaune a Shimotsuma, tsakiyar gonakin shinkafa, amma sai ta hau jirgin ƙasa har Tokyo don kawai ta sayi kayan Baby, the Stars Shine Bright. Kowa na mata kallon mai taɓin hankali, ita ko a jikinta. Ina 'yar sakandare na kalle shi a kwamfutar yayana, na ce wata rana dai.

4/ Wata ranar ta zo, na zo karatu, na shiga shago na ga farashi, na fito a hankali kamar wadda ta yi ɓatan hanya. Sabuwar riga ta Baby ko Angelic Pretty takan kai yen 30,000, wata ta haura. Ɗalibi baƙo kuma awa 28 kacal doka ta yarda ya yi aiki a mako. Ni aikina jera abinci a robobi da daddare. Ga haya, ga kuɗin jirgi. Ku yi lissafin da kanku.

5/ Gwanjo ne ya cece ni. Eh, su ma suna da nasu, sai dai a goge yake a rataye. A Closet Child na Harajuku na same ta: ruwan hanta, da zanen littattafai da furen wardi zagaye da ƙasan. Irin wadda ake kira JSK ce, wato mara hannu, dole sai da bulawus a ciki. Wata uku na yi ina tari. A lokacin ban san rashin hannun nan ne zai zama rufin asirina ba.

6/ Fitar farko, hmm. Tsawon rigar iya gwiwa ne, haka salon yake. Ni kuma da hijabina ba zan fita haka ba. Sai na sa dogon siket na ciki mai leshi a baki, ruwan madara, ya sauko har idon sawu, bulawus da hijabi su ma ruwan madara. A madubi daga sama, masha Allah. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, innalillahi.

7/ Matsalar fetikot ce, shimin nan mai kumburi da ke ɗaga siket. Iri biyu ne: mai siffar ƙararrawa, da mai buɗewa a hankali kamar harafin A. Rigata ɗinkin A ce, ni kuma na cusa mata gajeren mai ƙararrawa saboda ya fi araha. Ƙugu ya yi tsiri, ƙasa ya lanƙwame. Sak kaza a cikin akurki. Haka na shiga jirgi, haka na dawo, ba wanda ya ce min uffan. Nan ƙasar ba a gaya maka, kai ne za ka gani a hoto.

8/ Da na samu dogon fetikot na A komai ya zauna. Wannan ita ce shigar da suke kira kilasik, kuma har yau ita na fi so. Hula irin ta masu zane a kan hijabi, takalmi ruwan ƙasa, shi ke nan.

9/ Na gwada gotik ma: baƙar bulawus, baƙin siket na ciki, baƙin hijabi, jan wardi ɗaya a gefen kai. Mana, makaɗin jitar Malice Mizer da ya buɗe Moi-même-Moitié a 1999, shi ne uban tafiyar wannan ɓangaren. Ta yi kyau a hoto, amma gaskiya ban ji ni a ciki ba. Sau biyu na yi na bari.

10/ Ranar ma Umma ta kira ni ta bidiyo. Ta yi shiru tana kallona, can ta ce, "Auta, karatu kika je ko 'yar tsana kika koma?" Na ce Umma ai ko'ina a rufe yake. Ta ce, "Na gani. Juya in ga bayan." Na juya. Ta ce ɗinkin dai ya yi kyau, telan ya san aikinsa. A wurin Umma wannan lambar yabo ce.

11/ Zuwa makaranta kuwa suwaita nake ɗora mata, ta koma siket, ba fetikot. Masu tsauri za su ce idan babu fetikot ai ba lolita ba ce, kuma ni ma na yarda da su. Amma ku shiga jirgin safe na Tokyo da fetikot sau ɗaya tukuna, sai mu yi magana.

12/ Yanzu ga inda maganar 'yar uwata ta taɓa ni. Mu fa mun taso ne a inda kowane biki da ankonsa, kowace Sallah da ɗinkinta. A gan ki da kaya ɗaya a hoto biyu, sai a fara "Allah sarki". Wannan kunyar na taho da ita a akwati ban sani ba.

13/ Taron shan shayi na farko da na je na 'yan lolita, a ɗarare nake. Ni kaɗai ce baƙa, ni kaɗai mai hijabi, ga riga 'yar gwanjo. Wata baiwar Allah da ta girme ni sosai ta matso, ta kalli zanen ƙasan rigar, ta ambaci sunansa. Ashe tana da irinta, kalar shuɗi, ta shekara goma tana sa ta. Ta buɗe waya tana nuna min hotuna, riga ɗaya shiga iri-iri, tana alfahari. Ba wanda ya ce mata Allah sarki. Tambayarta ma ake yi ina ta samo bulawus ɗin.

14/ Da ƙaramar Sallah ta zo ba ni da kuɗin ɗinki, ba ni ma da tela. Umma ta aiko min da yadin leshi ruwan gwal ta hannun wani mai zuwa. Na kashe ɗauri da shi irin na gida, na yafa gyale, na sa rigar da dogon siket ɗinta, na tafi masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara. Bayan idi wata Baturkiya ta tambaye ni ko kayan gargajiyarmu ne. Na rasa amsa, na ce rabi da rabi.

15/ Wannan hoton ne Umma ta sa a fuskar WhatsApp ɗinta. Har yau bai sauka ba. Ba ta ce min komai a kai ba, ni ma ban tanka ba.

16/ Masu tambayar wanki: da hannu, ruwan sanyi, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa. Jan launi na iya zuba ya ɓata farin zanen, don haka kar ki jiƙa ta ki tafi kallon fim. Kuma a watan Agusta hutu nake ba ta, zafin Tokyo da gumi ba sa wasa.

17/ Robar bayanta ta fara saki, na sayo sabuwa zan zauna da allura ƙarshen makon nan. Asabar ta farko a Disamba ita ce ranar lolita ta duniya, kuma eh Anti, ita dai zan sake sakawa. Hijabin ne ban yanke ba, tsakanin ruwan toka da kore mai duhu. Ku zaɓa min, amma wanda ya ce ruwan hoda zan toshe shi.