Wuni ɗaya a kan ruwan Miga

A ƙasashen Turawa akwai wani yawon shaƙatawa na masu hali. Mutum zai shiga ƙaton jirgin ruwa mai kama da otal, duk gaɓar da aka tsaya a sauke shi ya wuni ya na kallon daji da koguna da ƙauyuka, da yamma ya koma. To ni dai ba ni da kuɗin wannan, amma na yi irin nawa a Miga ta Jihar Jigawa, kuma jirgi na kwalekwale ne.

Ta Jahun na bi, a ƙarshen damina, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya malala cikin fadama. Wani dattijo masunci ne ya ɗauke ni. Kai jama'a! Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ka, ga giyayya tsaye a tsakiyar sa, ga goruba can kan tudu, ga shinkafa ta yi kore shar. Mu ka riƙa wuce 'yan ƙauyuka, yara na iyo, mata na ƙyafe tarwaɗa da karfasa. Wallahi mai karatu, duk lambun da ka taɓa gani a fim bai kama ƙafar wurin nan ba.

Mu na cikin tafiya sai hanya ta toshe. Wata doguwar ciyawa ce ta yi katanga, ta fi tsawon mutum. Na ce, "Baba, wannan daji ai ya yi kyau." Sai ya yi murmushi ya ce, "Samari, kai kyau ka gani. Da can nan gonar mu ce."

Kachala kenan. Asalin matsalar ta na can sama. An gina Dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, a kan kogunan da su ka haɗu su ka zama Kogin Haɗeja. Da can kogin kan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da aka koma sakin ruwa har da rani, sai kachala ta samu wurin zama. Ta na toshe hanyar ruwa, ta cinye gona, ta hana masunci jefa koma, sannan tsuntsayen jan-baki su ɓuya a cikin ta su afka wa shinkafa. In kuma ruwa ya zo da ƙarfi bai samu hanya ba, sai ya faɗa gari. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun yi wa wannan yanki mummunar ɓarna, gidaje da gonaki su ka tafi.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, ɗan yawon buɗe ido wuni ɗaya ya ke yi, ya ɗauki hoto ya tafi. Mai wurin kuwa da ruwan ya ke kwana, shi ne abincin sa, shi ne fargabar sa.

Duk da haka ina ba ku shawara ku je. Ku haɗa kuɗin mota ku da abokai, ku nemi masunci na gari, ku biya shi da kyau, kada ku cika wa kwalekwale kaya. Mai son tsuntsaye ya ƙarasa Baturiya ta Kiri Kasamma, inda wasu ke tasowa tun daga Turai lokacin sanyi; a 2008 aka sa ta cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kare. Mai son kogo kuma sai ya ware wata ranar ya nufi Birnin Kudu, ya ga zanen shanu na mutanen da a Dutsen Habude.

Amma in kun je, don Allah kafin ku ɗaga waya ku yi hoto, ku fara gaida mutane, ku tambaye su yaya su ka ji da ruwan bana.