Ɗaki Ɗaya a Lungun Birnin Dabo

Duk wadda ta san cikin birnin Kano ta san fili ba abin wasa ba ne a can. Gida jikin gida, wani lungun ma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe da katanga. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, jama'a ke ta ƙaruwa, gidajen gado ana ta yankawa ana rabawa, har ki ga ɗakin da bai fi taku shida ba shi ne duniyar mace baki ɗaya. To yaya iyayenmu suke zama a ciki da kayansu, kuma ɗaki ya kasance tsaf?

Bikin wata 'yar uwata ne ya kai ni, na sauka wajen Gwaggo, yayar Babanmu, a wani lungu bayan Kurmi. A Daidaita Sahu ya ajiye ni a bakin kasuwa, sauran tafiyar ƙafa ce. Na ratsa ta wajen masu ƙorai da fayafai da adudu, ƙamshin turaren wuta na bina har na kai zauren gidan.

Ɗakin Gwaggo soro ne na ƙasa mai rufin azara, ƙarami ƙwarai, amma wallahi ina shiga na ji kamar an buɗe min ƙirji. Tsakar ɗakin fayau, tabarma ce kawai da dardumar sallah. Na ce, "Gwaggo, wai ina kayanki suke?"

Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ɗaga kanki sama, sannan ki duba ƙasa."

Ai kuwa na ɗaga. Ragaya ce rataye a jikin azara, ƙwaryar fura na zaune a ciki an rufe da faifai, ɓera da kiyashi sai dai kallo. A jikin bango ga alkuki, ɗan gurbin nan da ake ajiye fitila a da, yanzu kwalli da turare da carbi ke ciki. Gadonta na ƙarfe ne mai tsawon ƙafa, a ƙarƙashinsa adaka biyu, kowace an ɗora ta kan bulo, ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta jingina da bango ba, saboda danshin damina da gara. Ɗaya ta zannuwan fita unguwa ce, ɗaya ta bargo da rigunan sanyi, ba a buɗe ta sai hunturu ya kama.

Jerenta kuwa na aurenta ne. Kwalla babba a ƙasa, ƙarama a kanta, sai langa da samira har kusa da rufi. Da ta buɗe min, babu wadda take fanko. Wannan sabulai, waccan ɗankwalaye a ninke, wata zare da allura. Su kuka da daddawa tasu kwallar daban take a bakin ƙofa, don kada warinsu ya kama tufafi. Kayan sawa na yau da kullum suna cikin adudu. Ta ce da zarar ruwa ya ɗauke takan fito da komai ta shanya a rana wuni guda, abin da ya shekara ba ta ɗaura ba kuma ta bayar sadaka.

Washegari muka tafi jere gidan amarya, a nan cikin birni. Hmm! Saitin gado ne na gani na faɗa, ga sif mai ƙofa huɗu, ga madubi, ga kujeru. Sif ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka nemo kafinta ya kwance shi. Da aka gama haɗawa, ƙofar sif ɗin ba ta buɗuwa sosai don gado ya tare ta, wurin shimfiɗa sallaya ma da ƙyar. Kujeru biyu a tsakar gida suka kwana. Abin da ya fi taɓa min zuciya, kowa a dangi ya san bashi uban yarinyar nan ya ci kafin ya haɗa kayan, don kada a yi da 'yarsa.

Don haka 'yar uwa, in lokacinki ya zo, ki roƙi a auno ɗakin da faɗin ƙofarsa kafin a je wajen kafinta, ko da igiya ce. Akwatunan lefe in kin kwashe kayan ki sa ƙarami cikin babba, ki ɗora saman sif. Ƙarƙashin gado da bayan ƙofa duk ma'ajiya ce. Abin da kike ɗauka kullum ya zauna inda hannu ke kaiwa, na shekara-shekara ya hau sama. In kin sa kafur a kaya ki nisanta shi da yara, sukan zaci alawa ce, alhali guba ne.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku fara da akwatinku na kwana, yunifom gefe guda, kayan gida gefe guda, sabulu da garin kwaki kada su haɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba kowaccenmu ɗaki mai albarka, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.