Sule biyu da kwabo biyar

A cikin akwatin da muka gada tare da aikin magatakarda akwai wani tsohon littafi na kuɗin taimakon Zango, wanda marigayi ma'aji ya rubuta tun kafin 1965, shekarar da sidi ya maye gurbin fam da sule a nan Gana. Da tawadar ta fara dusashewa, sai Maigida Sarki ya ce a ba ɗaya daga cikin 'ya'yanmu 'yan boko ya kwafe shi a kwamfuta.

Bayan kwana uku yaron ya dawo. Ya ce, "Baba, lissafin marigayi ba ya tashi." Ya nuna mana layin da aka raba kuɗi ga gidaje biyar, kowane gida kwabo biyar, aka ce saura huɗu an sayi kananzir na fitilar masallaci. Shi kuwa 25 ya karanta. Ina huɗu suka fito? Kafin la'asar maganar ta kai kunnen jikokin mamacin, kuma ba a yadda aka faɗe ta ba.

Muka ɗauko littafin. Abin da ke rubuce 2/5 ne, 'yar sandar tsakiya ta kusa gogewa: sule biyu da kwabo biyar. Sule kuwa kwabo 12 ne, ke nan kwabo 29. Mutanen da suna ɗaure ƙirgarsu ne a kan sha biyu, mu muna ɗaurewa a kan goma, kamar masu ƙulla goro da ma'auni daban.

Ita 29 irin lambar nan ce da ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. A karatun rabon gado mun ji malamai suna kiran irin su 11 da 13 asammu, wato kurma, domin ba su da rabi, ba su da sulusi, har zuwa ushiri ba sa amsa kira. Da gida biyu aka raba wa, ko bakwai, ko goma, dole wani abu ya ragu a hannun ma'aji.

Abin da ya ruɗi yaron shi ne wutsiyar lambar. An koya masa cewa duk abin da ya ƙare da biyar, biyar na raba shi, kuma gaskiya ne a ƙirgar goma. A ƙirgar sha biyu wannan doka ba ta aiki. Can, kurmar lamba da ta wuce uku tana ƙarewa ne da 1, 5, 7 ko 11 kaɗai, saboda sauran wutsiyoyin duk suna tarayya da sha biyu a biyu ko a uku. Amma ba kowace mai irin wannan wutsiya ce kurma ba: ashirin da biyar ɗin da ya zata, a littafin ma'aji 2/1 ake rubuta ta. Mun yi dariya da muka ga haka, shi bai yi ba.

Ranar Juma'a, a zauren Sarki, aka kawo tsakuwa 29 aka raba kashi biyar a gaban jikokin, huɗu suka rage a kan tabarma. Babban cikinsu ya daɗe yana kallonsu, sannan ya roƙi a yi wa kakansa Fatiha. Yaron ya koma kan aikin daga shafin farko, da layi biyu, ɗaya na sule, ɗaya na kwabo.