Ɗan Hakin Da Ka Raina: Robar Ƙafar Tsohon Babur

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To, a jikin babur babu abin da aka fi rainawa kamar baƙar robar nan mai ninki-ninki irin na zugazugin maƙeri, wadda ake sanyawa a ƙafafun gaba, makanikai kuma suke ce mata robar shakazoba. Duk wanda ya tsaya kallon tsohon babur, tanki yake dubawa da fitila, sa'an nan ya ce a tada inji ya ji ƙara. Ba ya ko waiwayar robar. Alhali kuwa lafiyar birkin gaba, har ma ran mahayin, suna iya rataya a kanta.

Babur ɗin da ya jawo wannan magana Honda ne, samfurin CG125, na kawuna. Dattawan cikin masu karatu za su tuna da rahoton kwamitin Cif Jerome Udoji na 1974, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, da ariyas ɗin da aka biya ma'aikata a 1975, wanda ya sa babura da rediyoyi suka cika gidaje. A wannan shekara ta 1975 kamfanin Honda ya fito da CG125, wanda ya ƙera musamman domin ƙasashe irin namu masu hanyoyin burji. Kawu malamin makaranta ne. Ya adana nasa rabon, ya ƙara da abin da ya samu, bayan shekara biyu ya sayi babur. Da gwiwa ta gaza masa sai ya miƙa mini makulli, ya ce, "Ga shi nan, amana ce. Bai taɓa kayar da ni ba, kada ka bari ya koya a hannunka."

Domin a gane amfanin robar, wajibi ne a san yadda ƙafar take aiki. Kowace ƙafa bututu biyu ne, siriri mai ƙyalli yana shiga cikin mai kauri yana fita. A ciki akwai sifirin da ke ɗaukar nauyi, akwai kuma mai da ke hana sifirin ɗin yin tsalle yadda ya ga dama. Abin da ke tsare man nan kada ya fito wani ɗan zoben roba ne da ake kira sil, wanda leɓensa ke shafar siririn bututun duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Idan ƙura ta kwanta a kan bututun, sai ta gauraya da maiƙo ta zama kamar tokar wanke tukunya, tana cin leɓen a hankali. Idan kuma tsakuwa ta ɓantari ƙyallin, tsatsa ta sami wurin zama, kaifin wannan ɗan ramin yakan yanka sil kamar reza. Daga nan mai ya fara tsiyaya, ya gangaro kan taya da birki. Birkin da ya sha mai kuwa sunansa kawai birki, ranar da akuya ta gitta maka a kan kwalta za ka tabbatar.

Ƙasarmu ba ta rasa abokan gaban wannan bututu ba. Da hunturu iska tana kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai laushi kamar garin alkama, babu kafar da ba ta shiga. Da damina kuma ga jan taɓo ga tsatsa. Turawa da suka ƙirƙiro abin su ma sun san haka. Tun da kamfanin BMW na Jamus ya fito da irin wannan ƙafa mai aiki da mai a 1935, an daɗe ana rufe ta, ko da kwanon ƙarfe ko da roba. Baburan Ingila irin su BSA da Triumph da robarsu aka san su a shekarun 1960, sai a 1971 suka tuɓe ta, domin yayi ya koma ga barin ƙarfe a fili yana walƙiya kamar na baburan tsere. Wato dai ado ne ya kori rigakafi.

Da na ga robar babur ɗin kawu ta tsattsage saboda tsufa, sai na nufi wurin wani dattijon bakanike wanda ya san baburan nan tun suna cikin kwali. Na gaishe shi, na ce, "Baba, robar CG nake nema, wace iri zan saya?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kada ka tafi kasuwa da suna, tafi da awo." Dalili kuwa, baburan da aka kwaikwayi CG aka ƙera a shekarun baya-bayan nan ba su ƙidayuwa, ƙafafun wasunsu kuma sun fi na asalin kauri. Tun daga kasuwar Nkwo ta Nnewi, cibiyar kayan babur a ƙasar nan, har zuwa ƙaramin shagon unguwa, in ka ambaci suna kawai za a miƙo maka abin da ke kusa da hannu.

Awo uku ya sa na yi. Na farko kaurin siririn bututun, inda bakin robar na sama zai kama. Nawa milimita 27 na samu. Na biyu kaurin kan babban bututun, inda bakin ƙasa zai zauna. Na uku tsawo, shi kuma sau biyu ake auna shi: a ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, ƙafa ta miƙe iyakar miƙewarta, sa'an nan a danne ta iyakar dannuwa. Robar da ta gaza tsawo za ta fizge ta bar mazauninta a ramin farko. Wadda ta yi yawa kuma za ta cukurkuɗe, ninkinta ya riƙa gugar ƙarfen da aka ce ta tsare, ta hana ƙafar sauka yadda ya kamata.

Bayan awo sai numfashi. Duk robar kirki tana da 'yan ƙananan huji a gindinta, domin zugazugi ce, tana shaƙar iska tana fitarwa. In babu hujin sai ta kumbura ta tsotse har ta yage, raɓa da ruwan da suka shiga kuma su rasa mafita. Wajen ɗaurawa a juya hujin su dubi baya, wajen inji, kada su fuskanci ƙurar hanya.

Game da jikin robar kuwa, araha ba ta ado. A kan teburin mai shago an jera mini iri uku. Ɗaya tana ta sheƙi, kyan ɗan maciji, amma da na matsa ta sai na ji ta ƙage kamar bokitin roba. Irin wannan rana ɗaya ta bazara ba ta yi mata komai, amma kafin shekara ta zagayo ta bushe ta kakkarye. Ta biyu tsohuwar ajiya ce a cikin ledarta ta asali, mai shago yana ta yabonta. Sai dai roba tana tsufa ko a kan kanta take. Da na lanƙwasa ta na duba cikin ninkin, ga tsaga nan sirara kamar faso. Ta uku ba ta da kyan gani, amma tana da laushi da nauyi a hannu, in ka ja ta ka saki sai ta koma yadda take. Irin robar da ake kira niyofirin ce, wadda ta fi ɗanyar roba jure rana da maiƙo. Ita na ɗauka, na kuma haɗa da sababbin sil da mai, tun da yake sai an cire taya an zare ƙafafun kafin a zura ta, ba kuwa hikima ba ne a yi wannan wahala sau biyu.

A nan ne dattijon ya faɗi maganar da ta fi awon duka nauyi a wurina. Yana ɗaure bakin robar, a hankali don kada maɗaurin ya yanke ta, sai ya ce, "Ɗana, abin da ke rufewa shi ke ɓoyewa." Gaskiyarsa. Ƙafar da ke fili, ranar da ta fara yoyo kowa zai gani. Wadda ke cikin roba kuwa tana iya yin watanni tana tara mai ko ruwa, mai ita yana ta fahariya da sabuwar riga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagaggiyar roba ta fi babu sharri, domin tana karɓar yashi ta riƙe shi a jikin ƙarfen. Saboda haka a farkon kowane wata nakan sassauta maɗaurin ƙasa, in ɗaga robar, in shafa yatsa. In ya fito a bushe, alhamdu lillahi. Wanka kuma da ruwa da sabulu nake yi mata, ban da fetur ko kananzir.

Ya ku masu tsofaffin babura, ko gado kuka ci ko saye kuka yi, inji yana da masu gyara a kowane lungu, amma bututun asali na babur mai shekara kusan 50 ba kullum ake tsintarsa a kasuwa ba. Ku auna kafin ku saya, ku kuma riƙa leƙawa bayan kun rufe. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.