Kuɗin da Ba Ya Shiga Lissafi

A shekarar 2005 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara ayyukansa na Tudun Wada da Kaduna da Malumfashi, ya koma mazauninsa na dindindin a Shika. A takarda hikimar a fili take: shugabanci ɗaya, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya, ma'ajiyar magani ɗaya.

Sai dai dattijuwar Ƙofar Doka mai jinyar maigidanta tana da nata lissafin. A da, Tudun Wada na dab da ganuwa. Yanzu kuɗin mota zuwa da dawowa, da abincin kwana, da yinin da ba ta soya ƙosai ba, duk daga lalitarta suke fita. Tsimin da hukuma ta yi, ita ta biya wani kasonsa.