Ofishin Talla na Talabijin da Wanda Muka Sani



Akwai wani shiri mai dogon zango na Amurka mai suna Mad Men da samarinmu masu sha'awar harkar talla da zane a kwamfuta suke yawan tura wa junansu a waya. Da yake na yi shekaru ina cin abinci a wannan harka, ina rubuta tallar rediyo ina kuma fassara ta a nan Minna, sukan tare ni da tambaya guda: wai Baba, haka aikin yake? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin wasunsu a kan abin da suka gani suke shirya rayuwarsu. Shi ya sa na ga ya dace in ba da amsa a tsanake.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar AMC ce ta nuna shi daga 2007 zuwa 2015, zango bakwai, kashi 92, kuma Matthew Weiner ne ya ƙirƙiro shi. Labarin wani kamfanin talla ne na ƙage mai suna Sterling Cooper a titin Madison na birnin New York, daga 1960 zuwa 1970. Jarumin, Don Draper, shi ne shugaban masu ƙirƙirar talla: dogo, kwat da taye, sigari a hannu ɗaya, kofin giya a ɗayan. Shirin ya ci lambar yabo ta Emmy ta wasan kwaikwayo mafi kyau shekara huɗu a jere, daga 2008 zuwa 2011.

Bari in fara da inda ya faɗi gaskiya. Na farko, tsoron rasa mai ba da aiki. A wancan zamani kamfanin talla yakan sayi fili a jarida ko lokaci a rediyo da talabijin a madadin mai kaya, a ba shi la'adar kashi 15 cikin ɗari. Ke nan idan babban mai kaya ya janye, abinci ya tafi. A zango na huɗu kamfanin taba na Lucky Strike, wanda ke kawo fiye da rabin kuɗin shigarsu, ya sallame su, nan take aka shiga rage ma'aikata. Wannan kam na san shi ba a allo ba. Na ga ƙaramin ofishi da ke tsaye a kan kwangilar kamfani guda, ranar da aka sauya manajan yanki aka kawo wani mai nasa mutanen, kafin wata biyu an kulle ƙofa an sayar da janareta.

Na biyu, yadda babba ke cin yabon aikin ƙarami. Peggy Olson ta shigo a matsayin sakatariya ta zama marubuciyar talla. Akwai inda ta yi wa Don ƙorafi cewa dabararta ce ta jawo masa lambar yabo amma ko godiya bai yi mata ba, shi kuwa ya daka mata tsawa cewa albashin da ake ba ta shi ne godiyar. Duk wanda ya taɓa rubuta talla ya san wannan ɗaci. Talla ba ta ɗauke da sunan marubuci. Za ka ji yara a Kpakungu ko Maitumbi suna rera abin da ka kwana kana tsarawa, ba wanda ya san kai ne, kai ma sai dai ka yi murmushi ka wuce.

Na uku, halin da mata da baƙaƙen fata suka shiga. Jane Maas, wadda ta yi aiki a kamfanin Ogilvy & Mather a waɗancan shekaru, ta rubuta littafi mai suna Mad Women a 2012, kuma ta tabbatar da cewa shaye-shaye da busa sigari da raina mata duk an yi su. A farkon zango na biyar an nuna ma'aikatan kamfanin Young & Rubicam suna jefo ruwa daga bene a kan masu zanga-zangar neman haƙƙi. Wannan ba ƙage ba ne, ya faru a 1966.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Shirin ya yi kwaskwarima a wurare da dama. A kashi na farko, ana cikin taro kowa ya rasa ta cewa, sai Don ya yi shiru, can ya fito da taken da ke cewa tabar Lucky Strike gasasshiya ce, kowa ya saki baki. Alhali kamfanin yana amfani da wannan take tun 1917. A kashi na ƙarshe kuma an bar mai kallo da zaton cewa Don ne ya haifi shahararriyar tallar Coca-Cola ta 1971, wadda matasan ƙasashe daban-daban suka taru a kan tudu suna waƙa. Mai ita na gaskiya Bill Backer ne na kamfanin McCann Erickson, tare da mawaƙa da masu ɗaukar hoto da suka sha wahala kafin ta fito. George Lois, ɗaya daga cikin manyan masu zanen talla na wancan zamani, ya soki shirin ƙwarai, yana ganin an mai da su mashaya an manta da aikin da suka yi. Kuma a cikin shekarun da shirin ke nunawa, wata mace, Mary Wells, ta kafa nata kamfanin, Wells Rich Greene, a 1966.

Ban zargi masu shirin ba. Mai wasan kwaikwayo mai kallo yake nema, kuma ba wanda zai zauna awa guda yana kallon mutum yana gyara jimla ɗaya sau goma sha biyu. Amma wannan gyaran shi ne aikin. Abin da ake nunawa a minti uku na taro, a zahiri makonni ne na kai da kawo.

Bari in faɗa muku yadda yake a wajenmu. Takarda za ta zo daga Legas da Turanci, an ce daƙiƙa talatin ko sittin. Hausa ta fi Turanci tsawon numfashi, abin da suka faɗa da kalma biyar kai sai ka yi takwas. Sai ka zauna kana yanka kana ɗinki har maganar ta shiga cikin lokacin ba tare da mai karantawa ya yi kamar kura ta biyo shi ba. Wani lokaci kuma sun riga sun ba wani can ya fassara, sai ka tarar an mai da mace namiji, an ce "madarar nan yana da daɗi", an ɗauko salon maganar Turanci an dasa shi ɗanye. Ka gyara, a dawo maka da shi a ce mai kaya ya riga ya sa hannu a na farko. Minna kuma ba garin harshe ɗaya ba ce. Talla guda sai a buƙace ta da Hausa da Nufanci da Gwaranci, wani lokaci har da Turancin buroka, kowanne da mai muryarsa, kowanne da abin da ke ba mutanensa dariya da abin da ke ɓata musu rai. Ka tara masu murya a situdiyo, wuta ta ɗauke. Bayan an watsa, ka bi gidan rediyo ka karɓo takardar shaidar cewa an saka tallar a ranaku da lokutan da aka biya, ka aika, sannan ka zauna jiran kuɗi wata uku, wani lokaci wata shida. Masu murya kuwa ba su san Legas ba, kai suka sani, ƙofar gidanka suke zuwa. Ban taɓa ganin Don Draper yana bin bashi ba.

Akwai kuma doka. A Amurka an hana tallar sigari a rediyo da talabijin daga farkon 1971, bayan rahoton babban likitan gwamnati na 1964. Mu a nan an kafa hukumar APCON da doka ta 55 ta 1988, a 2022 ta koma ARCON, kuma doka ta ce a tantance talla kafin a watsa ta. Tallar magani ko abinci sai da yardar NAFDAC. Daga 1 ga Oktoba 2022 hukumar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallar da aka yi wa 'yan Najeriya. Wannan dama ce ga yaranmu, amma sai ga wanda ya san da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne, samarinmu sun san titin Madison fiye da tarihin nasu gidan. A 1928 aka kafa West Africa Publicity Limited, wanda daga baya ya zama Lintas, kuma daga nan tallar zamani ta kama ƙasa a Najeriya. Dokar 1972 ta gwamnatin Gowon, wadda ta mai da wasu harkoki hannun 'yan ƙasa, ta sa harkar talla cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan Najeriya, a 1973 kuma masu kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu. A Arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, editanta na Hausa Abubakar Imam, haifaffen Kagara a wannan jiha tamu. Ku dubi sunan jaridar kawai. Kwabo ake sayar da ita, sunan kuma yana gaya maka abin da za ka samu ya fi abin da za ka biya. Kalma huɗu, an faɗi farashi, an yi alkawari, an kuma sa bakin mutum ya riƙe. Wanne take na New York ne ya fi wannan?

Kafin jarida ma muna da masu talla. Sanƙira da ke shela, maroƙin da ke kwarzanta attajiri har sunansa ya kai garin da ƙafarsa ba ta taka ba, yarinya mai tallar goro da muryar da ake gane ta tun daga bakin lungu, dillalin da ya san kalmar da za ta sa mai saye ya tsaya. Sai majigi ya zo yana bin ƙauyuka, sai motoci masu lasifika ranar kasuwa. Har gobe ka shiga Kasuwar Kure za ka ji mai maganin gargajiya ya tara jama'a da baki kawai. Ban yarda da duk abin da yake faɗa ba, wasu alkawuran nasa ma haɗari ne ga lafiyar mutane, amma ya san abin da manyan kamfanoni ke biyan miliyoyi su sani: wa nake wa magana, me ke damunsa, da wane harshe zai saurare ni.

Su ma finafinanmu na Hausa ba su taimaka ba wajen nuna aiki. Ofis a wurinsu tebur ne babba da kujera mai juyawa, Alhaji ya sa hannu a fayil, ya ɗaga waya ya ce a tura miliyan hamsin, sai a koma maganar soyayya. Ba ka sanin abin da kamfanin ke sayarwa har fim ya ƙare. Idan kuma an tashi yin na tarihi, sai a tafi fada da dawakai da takubba. Alhali tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun nuna cewa muna da marubutan da za su iya riƙe dogon labari. Me zai hana a yi mana na Minna ta 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja? Garin tashar jirgin ƙasa ya wayi gari hedikwata, ma'aikata na kwararowa, shaguna na buɗewa daga Mobil zuwa Bosso, kowanne na neman allo. Ga mai rubutun allo da gwangwanin fenti da burushi, ga mai maɗaba'a yana jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ga mai sanarwar rediyo yana karanta ɗaurin aure da ta'aziyya da cigiya, ga mace ta farko a ofis da tafireta tana jure maganganun gari. Akwai kishi a ciki, akwai bashi, akwai siyasar 1979 da fostocinta. Ba sai an ara wa kowa kofin giya ba.

Amsata ga ƙannena ke nan. Ku kalli shirin idan kuna so, ku ɗauki darasin sauraron mai saye da iya tsayawa gaban mutane ka kare ra'ayinka. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda zai ci abinci a wannan harka ya gyara Hausarsa har ya san inda ake sa ƙugiya, ya ƙara da Nufanci ko Gwaranci idan zai iya, ya koyi lissafin kuɗin aiki, ya rubuta yarjejeniya ya karɓi kafin alƙalami kafin ya kunna kwamfuta. Ya kuma yanke wa kansa tun yanzu abin da ba zai tallata ba ko nawa za a ba shi, domin ranar da mai maganin ƙarya ko ɗan siyasa mai neman a ɓata abokin hamayya zai zo da kuɗi a leda, ba lokacin tunani ba ne. Muryarka ce za ta shiga ɗakin tsohuwar da ta yarda da duk abin da rediyo ya faɗa.

Ga shugabanninmu kuma ina da roƙo. Dattawan da suka yi rubutun allo da ɗab'i da sanarwar rediyo a garin nan suna nan a Limawa da Unguwar Daji da Tunga da Sabon Gari, amma kowace shekara ana raguwa. Waya ɗaya da matasa biyu sun isa a zauna da su a naɗi labarinsu, a ɗauki hoton tsofaffin kalandu da fostoci da kasakasan da ke cikin akwatunansu kafin gara ta riga mu. Ranar da wani zai tashi shirya wasan kwaikwayo a kan wancan zamani, ya tarar da gaskiyar a ajiye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba yaranmu halal. Amin.