Yadda Na Haɗa Wa Kakana Amfilifaya

Gidanmu yana unguwar Hubbare, ba nisa da inda aka binne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a shekarar 1817. A zauren gidan nan kakana yake ba da karatu tsakanin Magariba da Isha tun ba a haifi babana ba. To yanzu tsufa ya kama shi, muryarsa ta yi rauni, mutanen da ke zaune a ƙofar zaure ba sa jin abin da yake faɗa. Akwai wata tsohuwar amfilifaya da wani almajirinsa ya ba shi, amma tana da aibi biyu. Na ɗaya, tana ɗaukar zafi har ba a iya ɗora mata hannu. Na biyu, in aka ɗauke wuta aka jona ta da batirin babur, kafin a kira Isha ta shanye shi. Wata rana na ji Kaka yana ce wa Baba, "Ina ganin lokaci ya yi da zan bar karatun nan, tun da ba a jina." Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na tambayi malaminmu na kimiyya abin da ke sa amfilifaya zafi. Ya ce irin tamu ta rukunin AB ce. Taransistocin da ke cikinta kullum a rabin buɗe suke, suna tare wani ɓangare na wutar suna barin wani ya wuce zuwa lasifika. Abin da suka tare shi ne yake zama zafi, sau da yawa ma kusan rabin ƙarfin batirin a nan yake salwanta. Ya ce akwai wata iri, ta rukunin D, wadda taransistonta yake aiki kamar makunnin fitila: ko a kunne sarai, ko a kashe sarai. Yana kunnawa yana kashewa fiye da sau 100,000 a daƙiƙa guda, kuma muryar mai magana ce take yanke tsawon kowace kunnawa. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa. Daga nan sai a sa kwayil da kwandansa su yi aikin rariya, su tace saurin nan, murya kaɗai ta isa lasifika. Da wannan dabara kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batiri yana isa inda ake bukata. Malam ya ƙara da cewa dabarar ba sabuwa ba ce, don tun 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya sayar da irinta.

Na ga wannan ita ce ta dace da Sakkwato, garin da zafin bazara yake wuce digiri 40, batiri kuma yake da tsada. Na fasa asusuna na kuɗin da na tara ina taya yayana tsaron shago lokacin hutu. Na je kasuwa na sayo ɗan ƙwayar nan mai lamba 555, wanda aka fara sayarwa tun 1972, da taransisto biyu irin MOSFET, da dalma, da allon liƙi. Kwayil kuwa da hannuna na naɗa shi da wayar tagulla da na kwance daga wata matacciyar rediyo.

Kwana biyar ina liƙi a ɗakinmu. Ranar gwaji na tara ƙannena, ina ta cika baki. Ina jona batiri sai muka ji "tas!", hayaƙi ya tashi, ɗaki ya cika da ƙauri. Taransistocin nan biyu sun ƙone, kuɗina ya bi ruwa. Baba ya shigo ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Ga jarrabawa tafe, kai kuma kana nan kana ƙona kuɗi. In ka sake, sai ka tattara tarkacen nan ka zubar." Ba faɗan ne ya fi yi mini ciwo ba, sanin da na yi cewa laifina ne. Na kwafi zane ban fahimce shi ba.

Na kai wa malam gawar allon. Ya yi murmushi ya ce taransistocin nan biyu kamar ƙofofi biyu ne, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Dole ɗaya ta rufe kafin ɗaya ta buɗe. In suka buɗe tare, ko da na ƙiftawar ido ne, wuta za ta zarce daga kan batiri zuwa gindinsa babu abin da ya tare ta. Maganin shi ne a bar ɗan tsaiko tsakaninsu. Ya ba ni wani ƙwaya mai lamba IR2104, wanda yake barin tsaikon kimanin rabin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ya kuma gargaɗe ni in sa fiyus, kada kuma in kuskura in taɓa wutar gida, in tsaya ga batiri mai bolt 12.

Inna ce ta ranta mini kuɗin sababbin taransisto daga adashinta. Wannan karon sai da na auna kowace mahaɗa da mita kafin in jona batiri. Na yi sallama a makirufo, sai ga muryata ta fito. Amma murnar ba ta daɗe ba, don Baba ya ƙwala kira daga tsakar gida cewa rediyonsa ya kama ƙara yana tsakiyar jin labarai. Ashe saurin kunnawa da kashewar nan yana shiga rediyo. Na gajarta wayoyin, na sa allon cikin akwatin ƙarfe na biskit, ƙarar ta lafa.

Ran Asabar muka ɗaura lasifika a ƙofar zaure. Kaka ya fara karatu, na ga wani dattijo da ya saba kafa hannu a kunne ya sauke hannunsa. Aka yi Isha batiri bai mutu ba. Na taɓa akwatin, ɗan ɗumi kawai na ji. Gaskiya sautinta bai kai na kanti tsabta ba, akwai ɗan shuu a ciki, kuma ina nan ina neman maganinsa. Da aka watse Kaka ya kira ni ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Baba bai ce kome ba, amma washegari shi ya biya Inna bashinta.

'Yan uwana ɗalibai, in za ku haɗa wani abu, ku fara sanin dalilin kowace waya kafin ku kunna ƙarfen liƙi, matambayi ba ya ɓata. Iyayenmu kuma ina roƙonku, in kun ga yaro ya ƙona abu a gwajin farko, ku tambaye shi abin da ya koya kafin ku hana shi na biyu.